Kayan Gara a But ɗin Fijo

Kada ka ce ba ka gani ba. Kana zaune a gindin dogonyaro, bakin filin ƙwallo na bayan layin dogo a Ƙaura Namoda, carbinka a hannu, lokacin da motar ta shigo. Ka duba, ka ce yaran zamani ne, ka mayar da kanka ga hirar farashin taki. Da aka hana kiɗa da rawa a wurin biki duk mun yi kabbara, amma ba wanda ya tambayi abin da samari za su sa a gurbin kalangu. To, mota suka sa. Tunda ka kau da kai, bari a faɗa maka abin da ya faru a gabanka.

Shamsu, yaron da ya shigo da motar, bai daɗe da iya tuƙi ba. Fijo ce ta yayansa Maiwada, wadda ke jigilar fasinja tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ake ba shi ya kai wanki in an tashi aiki. Daga wurin wankin yake zarcewa wajen Labbo, direban da duk garin ya sani da wasan mota a biki. Wasan kuwa shi ne a tsayar da ango a tsakiyar fili, mota ta riƙa zagaya shi a karkace, hancinta na kallonsa, bayanta na sharar ƙasa.

Labbo ya koya masa a fili ba kowa, da tsohuwar taya a madadin ango.

"Giya ta biyu," in ji Labbo. "Ka karya sitiyari, ka fizgi birkin hannu, ka sake shi. Da ka ji gindinta ya zame, maido sitiyari, ka ba ta wuta. Kuma ka ji ni da kyau: da mota wayam aka yin wanga wasa. Ko jarkar ruwa kada ka bari a but. Nauyi in ya tafi, ba ya jin kira."

Shamsu ya take tayar nan har ya daina lissafi. Daga baya ya fara zagaya ta ba tare da ya taɓa ta ba, wani lokaci.

Ranar bikin Jamilu, amininsa tun firamare, Labbo ne zai yi wasan. Sai bayan azahar labari ya zo cewa motarsa ta lalace a hanyar Zurmi. Abokan ango suka juyo gaba ɗaya suka dubi Shamsu, wanda Maiwada ya ba aron Fijo don ɗaukar 'yan biki kawai.

"Ga ɗalibin Labbo nan, mi muka jira?"

"Ban ƙware ba tukuna," Shamsu ya ce.

Jamilu ya dafa kafaɗarsa yana dariya, babbar rigarsa fara tas tana ƙamshin turare. "Haba mutumina. Kowane ango an zagaya shi, sai ni za a bari tsaye kamar turken jaki? Zagaye ɗaya. Na yarda da hannunka."

Wannan kalmar ce ta sa Shamsu ya amince.

Da suka fito daga sallar la'asar ya tarar da motar a ƙofar gidan su amarya, inda ya bar ta, amma zamanta ya sauya. Bayanta ya durƙusa, tayoyin sun kusa shigewa cikin jikinta. Makullin but ɗin ya daɗe da lalacewa, da igiya ake ɗaure shi. Ya kwance. Buhun shinkafa, buhun gero, jarkoki na man gyaɗa, manyan kwanonin alkaki da nakiya an lulluɓe da sabon zane.

"Rufe min shi!" Gwaggo Rekiya ce, ƙanwar uban amarya, ta fito daga zaure tana gyara mayafi. "Garar ɗiyata ce. Kai za ka kai ta gidan ango."

"Gwaggo, a ɗan sauke tukuna. In na dawo sai a mayar."

"A sauke? Garar da anka yi wa addu'a anka ɗora, a zube ta a titi kamar kayan gwanjo, kowace magulmaciya ta ƙirga? In ta hau, ba ta sauka sai ƙofar gidan miji. Ina za ka da ba za ta bi ka ba?"

Shamsu ya dubi kayan. In ya ce fili zai je, kafin magariba maganar ta kai kunnen Maiwada, shi da makullin mota kuma sai dai kallo. Ya ɗaure igiyar. Ya yi niyyar ya fara kai kayan gidan ango, can ƙarshen gari, amma 'yan acaɓa sun riga sun kewaye motar suna hon, suka tasa ta gaba har filin.

Mutane sun yi zobe. Jamilu yana tsakiya, ya naɗe hannayen rigarsa a kafaɗa, yana ɗaga wa jama'a hannu. Da Fijo ta tsallaka kwatar bakin fili, salansa, bututun hayaƙinta, ta goge ƙasa, ƙarar ta bi ta kujera ta shiga bayan Shamsu. Ya tsaya. Ya leƙo ta taga ya kira wani abokin ango.

"Akwai kaya a but. Ku taya ni saukewa."

"Garar amarya? A gaban wagga jama'a? So kake Gwaggo Rekiya ta tsine muna?" Ya juya ya yi wa taron ihu: "Ɗalibin Labbo ya tsorata!"

Dariya ta zaga zoben. Wani ya yi kukan kaza. Shamsu ya dubi gindin dogonyaro, inda manya ke zaune. Da mutum ɗaya a cikinku ya ɗaga hannu, da ya kashe motar yana godiya a ransa, ya ce dattawa ne suka hana. Ba wanda ya ɗaga.

Ya sa giya. Ta ɗaya, ta biyu. Motar ta yi nauyin tashi, sai ya ƙara mata wuta fiye da yadda ya saba. Farar rigar Jamilu tana ƙara girma a gilashi. Ya karya sitiyari, ya fizgi birkin hannu.

Da farko ba ta zame ba. Nauyin ya danne tayoyin, ta tafi gadan-gadan wajen ango. Ya ƙara karyawa, ya ƙara fizga da duk ƙarfinsa. Sai bayanta ya ɓalle gaba ɗaya. Ya ji buhunan sun gangara sun daki gefen but, dum. Ya saki birki, ya maido sitiyari kamar yadda Labbo ya ce, ya maido har ya ƙure. Ba ta ji ba. Fili ya juya, fuskoki suka wuce ta taga, ya daina ganin Jamilu ta gaba. A madubi ya gan shi, har yanzu da sauran murmushi a bakinsa, don yana zaton cikin wasan ne.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an buga tabarma da sanda.

Injin ya mutu. Igiyar but ta tsinke, man gyaɗa na kwarara a ƙasa, alkaki ya watse. Shamsu ya fito, ya zagaya bayan motar. Jamilu yana kwance, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa, jini yana cin farar shadda daga gwiwa.

"Shamsu," ya ce a hankali, "ɗaga ni mana. Mutane na kallo."

Shamsu ya durƙusa ya tallafi kansa. A motar nan aka kai ango asibiti, wani ne ya tuƙa. Jamilu ya rayu. Ƙafar ba ta biyo shi gida ba.

A zauren dubiya na ji ka da kunnena kana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, amma kana nan lokacin da salansa ta goge ƙasa, kana nan lokacin da yaron ya tsaya ya dube ka. Asabar mai zuwa akwai biki a unguwarku, kuma wani yaro yana can yana koyo da tsohuwar taya. In motar ta shigo fili, aje carbin, tashi, ka taka har tagar direba ka zare makullin da hannunka.