Sankarar Goggo a Ƙarƙashin Madubi

…kuma cewa na yi ya yi kyau. Da bakina, Goggo. Ya yi kyau.

Ga ni kan tabarma a tsakar gidanki a Daudawa, kwana uku da binne ki, mata na shigowa — Allah shi gafarta mata, Allah shi ba da haƙuri — ina amin, amin, wayata na cikin jaka, hoton na ciki.

Wata bakwai ina jiran 'yar kwalbar nan. Ba ta kai ɗan yatsa ba. Sinadarin da ke rina kilodin, furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna kamar siminti tsakanin bulo. Sau huɗu na gwada a ɗakin bincikenmu a Zariya, gilashi fari fat. Ran Laraba na leƙa madubin ƙara girma… ruwan ƙasa, zare-zare, ya kewaye kowace ƙwaya. Har tafi na yi, na ɗau hoto da wayata. Na kira Abdulganiyu, abokin aikina, zo ka gani. Sai daga baya na duba lambar da ke jikin gilashin. Rubutun hannuna. Tsokar nononki ce, wadda aka yanke ranar aiki.

Ke kuma a daidai lokacin kina nan ɗakin, ko ruwa ba ya wucewa.

Wa ya kawo miki takardar amincewa? Ni. Ɗiyar ƙanenki, wadda kika goya. Kika dangwala yatsa, kika ce, "Halimatu, wannan zai sa in warke?" Me na ce? In sha Allahu. A jikin kwalbar an rubuta ɓaro-ɓaro, don bincike kawai, ba don magani ba. Na iya karatu. Ke ce ba ki iya ba.

An turo mini kwanon fura. Ba zan iya ba.

"Likitarmu ce," in ji wata tsohuwa daga Sheme, tana nuna ni. Ba likita ba ce ni, Hajiya, ban taɓa warkar da ko… na yi murmushi. Na bar ta a haka.

Zai amfani wasu, haka muke rubutawa. Nan gaba. Su wa? Yaushe?

Suwaibatu, autarki, ta ja ni bayan rumbu. Idonta ya kumbura. Ta kama hannuna ta sa ƙarƙashin mayafinta, gefen hagu.

"Yaya, taɓa nan. Wata biyu ke nan. Ban faɗa ma kowa ba."

Tauri. Kamar ƙwallon goruba, ba ya motsi.

Shekararta ashirin da shida.

Kuma kafin tsoro ya zo, Goggo, kafin in ce innalillahi — wani abu ya riga shi. Uwa da ɗiya. Gida ɗaya. Irin samfurin da ba a cika samu ba…

Tana kallona. Hannuna na nan inda ta sa shi. Na kasa ɗaukewa.