Ikirarin Inna Sosefina

Falaniko ne ya ba wasu masu fim daga birnin Sidni mabuɗin cocin ƙauyensu, don shi ne katikis, mataimakin Fada limamin cocin, Fada kuma ya ƙetara zuwa birnin Apia ganin likita. Sun ce masa labarin wani fada ne na zamanin da. Sai a kwana na uku ya gane fadan nasu mashayi ne, mai tona asirin mutane.

"Kai Dwyer," ya ce wa daraktan, "ku dai ba ku taɓa cin karo da fada na kirki ba? Kullum ko mashayi ko mugu?"

"Baba, na kirki ba ya cika gidan kallo. Kuma ai an yi mugayen ma a zahiri."

"An yi. An kuma yi wanda ya yi jinyar kutare har ya mutu, shi ba ku ji labarinsa ba."

Dwyer ya yi dariya, ya ce a bar wancan sai fim na gaba.

Ranar Asabar da yamma suka zaunar da ɗan wasan da ke fitowa a matsayin fada cikin ɗakin ikirari, da baƙar riga, da makirufo a wuyansa, yana jiran a gyara fitilu. Falaniko ya tafi saro musu kwakwa. Sam ya manta Asabar da yamma ne lokacin furta zunubi, kuma Inna Sosefina, wata tsohuwar ƙauyen, ba ta taɓa fashi ba, ga shi idonta ya yi rauni.

Da ya dawo sai ya tarar da ita tana fitowa daga bayan labulen, tana dogara sanda.

"Falaniko, ɗana, wannan sabon fada kurma ne? Na sauke masa abin da na ɗauka shekara hamsin, ko uffan."

Ashe makirufon ya ɗauki komai. Mai ɗaukar murya ya cire abin kunnensa a hankali, ya kasa ɗaga kai.

Falaniko ya ja Dwyer gefe. "Ku goge shi. Yanzu, a gabana. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ko Paparoma ba ya tambaya."

"Ɗakin fim ne yau, Baba." Dwyer ya zare ɗan katin da muryar ke ciki daga na'urar yana jujjuya shi. "Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Wane ne Iakopo da ta ambata, wanda kwalekwalensa bai dawo ba?"

Iakopo mahaifin Falaniko ne.

Dwyer ya miƙo masa abin kunnen. "Kai ya fi kamata ka ji."

Falaniko ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe ɗaya da ɗaya gam.

"Ba ni katin."

"Za mu yi magana ranar Litinin," in ji Dwyer, ya jefa shi aljihu. Litinin da safe jirginsu zai tashi.

Daga bakin ƙofa tsohuwar ta kira shi, wai ya zo ya raka ta gida, hadari ya taso daga teku. Ya je, ta kama damtsensa, suka bi hanya a hankali tana tambayarsa ko gwazarsa ta yi kyau bana.