Sunan Inna a Jikin Mota

Shekara biyu da samun mulkin kai na mallaki motata ta farko, tsohuwar babbar mota mai bodin katako, ina jigilar dawa da gyaɗa tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan. Inna ba ta ga motar ba, ta rasu da daminar da ta gabata. Shi ya sa na ƙudura sai sunanta ya hau jikin motar nan.

Abraham, akawun ofishin gona na Makarfi, shi ya rubuta min a takarda da manyan baƙaƙe: ALLAH YA JIƘAN LANTANA UWAR TUKUR. Na kai wa wani mai fenti a Zariya. Ya dubi falankin gefen mota, wanda bai wuce kamu huɗu ba, ya ce maganar ta yi tsawo, sai dai a cire sunan tsohuwar. Raina ya ɓaci, na karɓe takardata ko sallama ban yi masa ba.

Daga nan na nufi Janfalan wurin Malam Sama'ila, dattijon da duk ƙasarmu ta san kyan hannunsa a rubutun alƙalami. Boko kam ko harafi ɗaya bai sani ba. Bayan mun gaisa ya riƙe takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Tukur, me ya sa baƙaƙen nan suke cin wuri haka?" Ya ɗora yatsa kan A. "Dubi wannan, ya ware ƙafafu kamar shi kaɗai ne a tabarma. Wannan kuma ga tumbi." R yake nufi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, haka aka koya mana su a ajin yaƙi da jahilci."

"An ce muku haramun ne a rage musu ƙiba?"

Ni ban taɓa tunanin harafi yana da ƙiba ba.

Ya sa aka kawo guntun gwangwala, ya fere bakinsa a karkace kamar yadda yake fiƙe alƙalami, ya goga masa gawayi don gwaji. Sai na ga ya tafi ƙarshen falanki ta dama. Gabana ya faɗi.

"Malam, ai boko ta hagu yake farawa."

"Boko ya fara ta inda ya ga dama. Hannuna shekara hamsin yana farawa ta dama, ba yau zai sake hanya ba."

Haka ya kama daga harafin ƙarshe yana dawowa baya, yana kwaikwayon siffa ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna ina kallo, har na manta da fargabata. Faffaɗan bakin gwangwala ba ya iya zagaye, saboda haka duk inda takarda ta yi lanƙwasa, shi sai ya karya layin ya yi kusurwa. Tumbin R ya koma kaifi uku. U ta tsuke ta yi tsini a ƙasa. Layin da ya sauko yakan fito da kauri, wanda ya gitta kuma siriri. Kuma dukkansu sun ɗan karkata wajen kan mota. Na tambaye shi dalili.

"Idan sun kishingiɗa gefe guda, kowa yana shiga ƙarƙashin kafaɗar ɗan'uwansa, wuri ya samu. Kuma abin da zai yi tafiya ba ya tsayawa ƙiƙam."

Ya rubuta sunana da UWAR, ya rubuta na Inna, ya rubuta JIƘAN da YA. Sai falanki ya ƙare. Ya goge, ya ƙara matse su har iska ma da ƙyar za ta ratsa, ya sake. Falanki ya kuma ƙarewa a wuri ɗaya.

Ya ajiye gwangwalar. "In na ƙara matse su, wanda ke bakin hanya ba zai karanta ba. Sunan Ubangiji ne ya rasa wuri, kuma ka san ba shi za a bari a waje ba. Zaɓi ya rage naka."

Na daɗe ina duban TUKUR ɗin nan. Wallahi ya yi kyau, ban taɓa ganin sunana da kwarjini haka ba, kuma a nan na gane ashe na so a san ɗan waye ya yi mota kamar yadda na so a tuna da Inna. Kunya ta kama ni. Na sa hannun rigata na goge kalmomi biyun ƙarshe, UWAR TUKUR. Malam ya jawo gwangwanin jan fenti, ya sake farawa ta dama da sunan Inna, wannan karon sunan Ubangiji ya samu wuri.

Ranar kasuwar Makarfi na fara fita da ita. Tun daga nesa wani malamin makaranta ya karanta da ƙarfi, 'yan dako suka ɗauka, kafin la'asar duk tasha ta san motar da suna ɗaya. A wurinmu ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, ni ma ban taɓa furta shi ba tun da aka haife ni. Ga shi yanzu ina zaune a bayan sitiyari, ina jin mata da kaya a ka suna ce wa juna su yi sauri, Lantana za ta tashi.