Sallar da Malam Ya Yi a Jamus

Shekara ashirin da shida maigidana yana wankan gawa a Tandabawi, unguwarmu a nan Makka, ba a taɓa kama shi da kuskure ba sai da ya je Jamus. Sunansa Hashimu, amma ni Malam nake ce masa. Shi ke wanke maza, ni Hajara nake wanke mata. Da wannan sana'a muka ci muka sha muka aurar da 'ya'ya uku, kuma babu gidan Bahaushe a unguwar nan da bai taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa da jajayen idanu ba.

Wankan ne ma ya kai shi can. Alhaji Abdulganiyyu, mai shigo da keken ɗinki, ciwon ciki ya ci ƙarfinsa, likitocin Jidda suka ce sai dai a yi masa aiki a Jamus. Attajirin bai ji tsoron wuƙar likita ba kamar yadda ya ji tsoron cikawa a hannun mutanen da ba su san ganyen magarya da kafur ba. Sai ya ɗauki Malam ya tafi da shi, kamar mai tafiya da lema ko da ruwa zai sauko. A farkon shekarar 1376 ta Hijira ke nan, alhazai sun watse, aiki ya yi sauƙi.

Alhaji bai mutu ba. Ya kwanta kwana arba'in da biyu a asibitin wani birni da sunansa ya gagari bakin Malam har yau, kuma awa ɗaya tak ake bari a gan shi a yini. Sauran yinin sai Mukhtaru, ɗan ƙanen Alhaji, wanda ya shekara biyar a can yana koyon gyaran inji, ya ɗauki tsoho ya yi ta yawo da shi. Ba don mugunta ba. A ganinsa karramawa ce.

Malam ya ce lambun shan iska suka fara zuwa, sannan wani lambun, sannan wani. Ciyawa shimfiɗe iya ganinka, kore shar, ba akuya ko ɗaya, an kuma kafa allo an hana takawa. Ruwa yana tsartuwa daga bakin kifin dutse yana zuba a banza, a gaban mutumin da ya sha ganin alhazai suna dambe kan garwa ɗaya a Muzdalifa. Tsofaffin mata cikin baƙaƙen kaya suna jefa wa agwagi burodi. Maza masu hannu ɗaya, waɗanda yaƙi ya rage, suna share ganye, ganyen yana sake zubowa a bayansu. Mukhtaru yana gaba da sauri yana nuni da yatsa, yana haɗa Hausarsa 'yar kaɗan da Larabci, Malam yana baya ƙafafunsa sun kumbura cikin takalmi sau-ciki da bai saba da shi ba. Abin da ya fi gajiyar da shi, in ji shi, tafiya ce da ba inda za ka, ka zaga ka dawo inda ka fara, kuma ba ɗawafi kake yi ba.

Ranar da aka tashi da ruwan sama kuwa sai gidajen tarihi. Ɗaki bayan ɗaki na hotuna da tsofaffin takubba da fasassun tukwane da aka lika. Shi dai benci yake nema da ido a kowane ɗaki.

A ɗaya daga cikinsu ne, a hawa na ƙasa, ya ga gawar wani mutumin Masar ta dā a kwance cikin akwatin gilashi, fuska a buɗe, ta bushe ta yi baƙi, mutane suna leƙawa suna wucewa. Ya tambayi Mukhtaru ko mutum ne na gaske, Mukhtaru ya ce na gaske ne, ya shekara dubbai. Zuciyar Malam ta ɓaci, amma ya ce a ransa mutanen Fir'auna ne, ba haƙƙinsu a wuyansa. Suka hau sama. Mukhtaru ya zaunar da shi a wani zaure ya fita shan taba.

Da ya ɗaga kai sai ya ga Bahaushe a tsaye cikin gilashi. Dogo, da riga shuɗiya da ta koɗe, da rawani, da jakar fata a kafaɗa. A kumatunsa ga tsagar Gobirawa, irin ta kakan Malam, ba a yi kuskuren ko layi ɗaya ba. Har da 'yar tawadar Allah a gefen hanci, da leɓen ƙasa da ya ɗan tsage irin na mai doguwar tafiya.

Na gaji da jin masu cewa yaya za a yi mai wankan gawa ya kasa gane gawa. To, ta bayan gilashi ya gani, bai sa hannu ba, kuma bai fi 'yan mintoci ba da aka nuna masa mutum na gaske a bushe aka ce haka ake yi a gidan. Da ku ne ma haka za ku ɗauka. Bai tambayi Mukhtaru ba, don duk tambayar da ya yi tun zuwansa dariya ce take fara fitowa kafin amsa.

Kwana uku yana komawa shi kaɗai da safe, ya tsaya gaban gilashin yana lissafin abin da ke wuyansa. Musulmi ne, ga laya a wuya. Wanka ba dama, likkafani ba dama, balle kabari. Abu ɗaya ya rage wanda ba ya bukatar mabuɗi. Ranar ta huɗu ya yi alwala da ruwan kifin dutsen nan mai sanyin ƙanƙara, ya shiga, ya zagaya har akwatin ya kasance tsakaninsa da alƙibla, ya tuɓe takalmi ya ta da kabbara.

Kabbara huɗu ce sallar gawa, a tsaye ake yinta, babu ruku'u babu sujada. Kafin ya kai ta uku mutane sun taru a bayansa. Da ya sallame ya juya, sai ga mai gadin wurin, ga kuma Mukhtaru, wanda ya biyo sawunsa ranar don ya ga inda tsoho yake zuwa kullum. Mukhtaru ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

Mai gadin, wani dattijo, bai yi dariya ba. Ya ciro mabuɗi ya buɗe gilashin, ya ƙwanƙwasa ƙirjin mutumin da bayan yatsa, ya yi ƙara kamar tulun da ba ruwa. Farar ƙasa ce da fenti. Amma ya ƙara da wata magana, Mukhtaru ya fassara yana share ido: fuskar ta mutum ce na gaske. Wani falke ne da Jamusawa suka tarar a ƙasar Togo shekara hamsin da suka wuce, suka kwantar da shi yana raye suka shafa masa kwaɓin a fuska, ya bushe suka ɓare. Ba wanda ya rubuta sunansa.

Da Mukhtaru ya rako baffansa gida, sai ya ba da labarin a wurin shan gahawa a unguwar Hindawiyya, don a yi nishaɗi. Kafin labarin ya iso Tandabawi ya yi ƙiba. An ce Malam ya yi sujada, an ce goshinsa ya taɓa ƙafar gunkin, an ce har turare ya ƙona. A wata na farko aka yi rasuwa biyu a unguwa, duka biyun aka ɗauko wani mai wanka daga Hindawiyya, mai gaggawa kamar an biyo shi. Malam yana zaune a ƙofar gida aka wuce da makarar ta gabansa, ya tashi ya bi a baya.

Ni ana kirana har yanzu, amma sai ina tsaka da aiki wata ta matso ta ce wai da gaske ne. Na yi bayani har bakina ya gaji, na yi faɗa har aka fara cewa ni ma abin ya shafe ni. Alhaji Abdulganiyyu kuwa ya aiko mana da keken ɗinki sabo fil, amma bai aiko da bakinsa ba. Malam ya rame. Kullum sai ya fito da buhun magaryarsa ya shanya ya mayar.

Wata ranar Laraba Liman Dawuda na masallacin unguwa ya zo har zaure. Ina jinsu ta bayan labule. Ya ce ya san zuciyar Malam, amma ya san kuma garin da muke ciki, zance irin wannan in ya fita unguwa ba a san inda zai tsaya ba. Abin da ake so kaɗan ne: ya miƙe bayan salla a gaban jama'a, ya ce abin da ya yi ɓata ne, ya janye shi, ya tuba, ya sake kalmar shahada. Shi ke nan, halas, in ji Larabawa.

Malam ya ce, "Liman, idona ne ya yi kuskure, na yarda. Amma mutumin nan ya taɓa rayuwa, kuma yanzu ya mutu, a hanya ko a wani gari da ba kowa nasa. Wa ya san ko an sallace shi? Ni da niyyarsa na ta da kabbara, ba da niyyar farar ƙasa ba. In na janye, me na bar masa?"

Liman ya ce wannan magana ce ta tausayi, ba ta littafi ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Haka muka yi wata huɗu. Sai ciwon ƙirji ya kwantar da Mahmudu mai ɗinkin takalma. Da shi Malam ya taso daga Sakkwato da ƙafa suna samari, suka shekara bakwai a hanya, suna noman ƙodago a Sudan har suka tara na jirgin ruwa. A gonar auduga suka yi alkawari cewa duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Mahmudu ya cika.

Malam bai jira kira ba. Ya ɗauki magarya da kafur ya tafi, ni ina biye don yi wa matan gidan gaisuwa. A bakin ƙofa babban ɗan mamacin ya tare shi, kansa a ƙasa.

"Wallahi ya ammi, baffana, da kunya nake faɗa. Baba ya ambace ka har jiya. Amma 'yan'uwana sun ce sai in ka yi abin da Liman ya ce. In ba haka ba za mu aika Hindawiyya."

Bayan la'asar za a kai shi Harami a sallace shi. Malam ya tsaya da ƙunshinsa a hannu, ya dubi ƙofar ɗakin da abokinsa yake kwance. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan tsayuwar ba, kuma ban taɓa jin haushin unguwarmu kamar ranar ba. Ya miƙo mini ƙunshin ya ce in riƙe masa.

Da aka sallame azahar ya miƙe a masallaci. Ina tsaye a jikin katanga ta waje, ina jin muryarsa ta taga. Ya faɗi duk abin da aka ce ya faɗa, bai rage ko kalma ba: ɓata ne, ya janye, ya tuba. Ya yi shahada kamar sabon shiga Musulunci, mutumin da ya wanke iyayen rabin sahun. Aka yi ta cewa madalla, wasu har da rungumarsa.

Ya wanke Mahmudu shi kaɗai, a hankali, ya fi awa guda. Ya bi makara har maƙabarta, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tun a can, aka gaya mini daga baya, wani ya matso ya ce masa mahaifinsa na kwance ba lafiya, in ta faru za a aiko.

Ya dawo gab da magariba da ƙasa a gwiwoyinsa. Na kawo buta ina zuba masa ruwa yana wanke hannu. Na ce masa to, an gode Allah, ya cika alkawari, aiki kuma ya dawo. Ya ce haka ne. Ruwan ya ƙare a butar amma bai janye hannuwansa ba, ya bar su a miƙe suna ɗiga.

"Hajara," ya ce, "shi kuma wancan falken ya koma ba salla."