Shirun da Guillaume Ya Yanke

…kuma ba zan zauna ba sai ya saurare ni. A tsaye zan faɗa masa. Ko ya jawo mini kujera — zai jawo, suna da wannan ladabin — zan ce a'a, Guillaume, na gode, ban taso daga Paris don in zauna ba. Haka zan fara. A'a… gaisuwa tukuna. Don kana da gaskiya ba ka barin gaisuwa. Gajeriya dai, sannan magana.

Jirgin ƙasan nan yana gudu kamar ya san abin da ke raina. Gonaki, gonaki, wani coci, fararen shanu… sun wuce. Zuciyata ma gudun take yi. Rabon da in ji ta haka tun ranar da na fara shiga aji a Madarounfa, alli a hannu. Ni Sahadatou, da tsufana, na yanki tikitin Lyon da kaina, na samo kujerata da kaina, ban tambayi kowa ba! Ilya yana wurin aikinsa a Saint-Denis, yana tsammanin uwarsa tana gida tana tsintar wake. Ƴarsa Najla kaɗai ta sani. Ita ta rako ni tasha kafin ta wuce makaranta. "Kaka, don Allah kar ki cinye shi ɗanye, mutumin kirki ne." Ja'ira! Na ce haƙoran sun ragu, amma zan gwada.

Mutumin kirki. To wa ya ce ba shi da kirki? Da kirkin nasa ya yi mini wannan ɓarna.

A hankali, Sahadatou. Jera shi daki-daki kamar darasi, kar ki je ki rikice a gabansa.

Linh ƙawar Najla ce, ajinsu ɗaya. Uwarta, Madam Thuy, tana da ƴar ƙungiya mai taimaka wa makarantar sakandaren da ta yi a garinsu, can Biyetnam. Yaran suna da jarrabawar Ingilishi ta fita, wadda ke buɗe wa yaro ƙofar jami'a ko ta rufe masa. Littafin tambayoyin gwaji suna da shi. Wanda zai karanta musu su ji da kunnensu, ya bi da su tambaya bayan tambaya, shi ne babu. Sai Najla ta buɗe baki: ai kakata ta koyar da Ingilishi shekara talatin da ɗoriya a Nijar. Shi ke nan. Aka zo har gidanmu a Montreuil da kwandon lemu aka roƙe ni. Roƙo! Da sun san da ni zan roƙe su… Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya ce mini Madam irin ta aji. Madam ta kanti, Madam ta asibiti, wannan kam kullum.

A ɗakin bayan shagon Madam Thuy muka naɗa, a unguwar ƴan Asiya. An kashe firji don kar ya yi ƙara, an rataya barguna a bango, warin miyar kifi ya kama ɗankwalina har gida. Guillaume, mijin ƙanwar Madam Thuy, ya zo daga Lyon da na'urarsa ya kafa mini makirfo a gaban baki. Na karanta labari. Na yi tambaya. Na jera amsoshi huɗu. Na yi shiru. Sannan na faɗi wadda take daidai, da dalili. Haka, haka, har muryata ta dushe, kuma ban gaji ba, wallahi ban gaji ba, da sun ce a sake daga farko da na sake…

Sai jiya. Najla ta buɗe kwamfuta: "Kaka, ya turo, zo ki ji kanki!" Na gyara zama. Muryata ce, tas, ta fi ta gaske kyau. Tambaya. Amsoshi huɗu. Ban ko ja numfashi ba sai ga ni ina cewa amsa ita ce ta uku.

Ni? Ni ce nake ba yaro amsa kafin ya yi tunani? Da bakina?

Na ce Najla, mayar baya. Ta mayar. Haka. Tambaya ta biyu, haka. Ta biyar, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanke shirun, ya haɗe bakin tambaya da bakin amsa kamar tela yana ɗinke yaga.

Mai duba tikiti. Ga shi, ɗana, duba da kyau. Ya yi murmushi. Ko a fuskata ya ga fitina?

Da na kira ka a waya jiya ma, murmushin nake ji a muryarka, Guillaume. "Madame, ai wofi ne kawai, du vide. Faifai ɗaya za mu yi, wuri ba ya isa. Mai son tunani sai ya danna maɓalli ya tsayar." Wofi! Ka ce wa shiruna wofi. Wane yaro ne zai tsayar da faifai alhali ya san amsa tana bakin ƙofa? Ka taɓa zama ɗan shekara goma sha bakwai kuwa? Kuma Madam Thuy da bakinta ta gaya mini: na'ura ɗaya ce a gaban aji, yara makil a bayanta. Wa zai danna? Mai saurin da ke benci na gaba? Shi ai ya riga ya sani, ba don shi na yi ba.

Benci na gaba… Madarounfa, ajin zana, rana tana shigowa ta ramukan rufi tana zane a kan litattafai. Ina rufe baki da tambaya sai hannuwa sun tashi, yatsu suna ƙas-ƙas-ƙas, "Ni, Madam! Ni, Madam!" Sai in shimfiɗa tafina ƙasa, haka. Ku sauke. Ba wanda zai yi magana. Su sauke suna gunaguni. Sai shirun ya sauko.

Ka san yadda yake, Guillaume? Benci yana ƙara. Akuya tana kuka a bayan zana. Wani yana jan majina. Leɓuna suna motsi ba sauti. Brahim a can baya, wanda amsa take zuwar masa kamar guga daga rijiya mai zurfi, yana kallon rufi, yana kallon yatsunsa, goshinsa ya tattare… ya tattare… sai ya saki. Nan ne darasin. Sauran duk, karatuna da rubutun allo da jan biro, share fage ne. Nan ne kawai yaro yake aiki da kansa, ba da kaina ba. Shi ka ɗauki almakashi ka…

Kuma da sunana a bayan faifan! Malaman can za su ji, su ce wannan tsohuwar ba ta taɓa tsayawa a gaban aji ba. Wannan ma da sauƙi. Yaran fa? Za su saurara, su gyaɗa kai, kowace amsa ta zama kamar da ma sun san ta. Daɗi zai kama su. Sai ranar jarrabawa, takarda a gaba, fensir a hannu, ba muryar da za ta faɗa musu ta uku ce. Ranar ce za su fara haɗuwa da shiru, kuma ba su taɓa zama a cikinsa ba. Su firgita. Na ga yaran da suka firgita a ɗakin jarrabawa, na san yadda wuyansu yake yi.

Yau da yamma za ka buga faifan, gobe Madam Thuy ta zuba su a akwati ta hau jirgin sama. In suka tashi, sun tashi. Don haka ba maganar waya ba ce.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ka mayar mini da shiruna, kowanne a gurbinsa. Wuri bai isa ba? Cire tambayoyin ƙarshe, na yafe su, gara kaɗan da aka tauna. Kuma ka ce ka yi kuskure. Da baki. Ba "désolé" ɗin nan, "yi haƙuri" da kuke jefa wa mutum a tashar jirgin ƙasa kuna wucewa ba, a'a, ka dube ni ka faɗi abin da ka yi. Yaro in ya yi kuskure a ajina sai ya faɗi inda ya kauce, ba don wulaƙanci ba, don kar ya sake. In ya ƙi fa? In ya ce lokaci ya ƙure? To a cire muryata gaba ɗaya. A nemo wani. Zan zauna a kan kwalin faifan in ga mai ɗaga ni — ah, na ce ba zan zauna ba. To wannan zaman daban ne.

Dariya nake yi ni kaɗai. Matar da ke gefena ta matsa da jakarta. Matsa, baiwar Allah, ba ki san daɗin da nake ji ba. Ashe haka faɗa yake da daɗi in kana da abin karewa? Shekarun nan duk a taga na yi su, ina kallon motocin bas, Ilya yana cewa Inna ki huta, kin yi naki. Hutu! Yau jinina yana gudu.

Lyon. Har mun iso? Ban gama shirya ƙarshen maganar ba… Jama'a, matakala, iska mai sanyi daga kogi. Taksi. Ga adireshin, malam, kar ka zagaya da ni, na duba taswira. Tsohon gida, matakalar dutse, ba lif. Gwiwa, yau ba ranarki ba ce, ki yi shiru. Hawa. Hawa. In tsaya in daidaita numfashi, kar ya ga ina haki ya ɗauka rauni ne. In gyara mayafi. Ƙararrawa.

Ya buɗe. Ya fi yadda na tuna tsawo, gashi a hargitse, kofi a hannu. Ya zaro ido. Yawwa, zaro. Na gaishe shi, ya amsa, na ɗaga yatsa zan fara —

"Madame, kina da gaskiya. Najla ta gaya wa Linh, Linh ta gaya wa uwarta, Thuy ta kira ni da safe ta wanke ni tas. Na yi wauta. Na yanke wurin da yara za su yi tunani. Shigo, don Allah."

…Haka kawai?

To maganata fa? Ta tela da almakashi, ta benci na gaba, duk abin da na jera tun daga Paris? Ya faɗi inda ya kauce, da bakinsa, ban ko tambaya ba. Ina zan kai sauran? Ga shi har na zauna. Yaushe na zauna?

Ba komai. Nasara ce. Nasara ce, Sahadatou, karɓi abinki! Za a cire tambayoyin ƙarshe, ya yarda. Ga kwalayen faifai a jingine, ba a taɓa ko ɗaya ba. Na iso a kan lokaci. Najla za ta sha labari.

Sai dai yana sosa ƙeya. Shirun na asali babu shi, wai. Da ya yanke, ya share, bai ajiye ba. Amma kar in damu, zai sa sabo. Zai iya sa wa kowace tambaya tsawo ɗaya, yanzu-yanzu, da dannawa guda.

Tsawo ɗaya? Tambayar da yaro zai amsa yana hamma da wadda za ta sa shi gumi, tsawo ɗaya? A'a. A'a, ɗana. Kowace da nata.

"To ke za ki auna. Ki saurara, in ya isa ki ɗaga hannu, ni kuma in tsayar."

Madalla. Wannan ai aikina ne, shekara talatin da ɗoriya. Ya ɗora mini abin saurare a kan ɗankwali, ya toshe kunnuwana ruf. Ga muryata. Labarin farko, na manomi da ambaliya. Tambaya. Amsa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Shiru.

Wani siririn layi yana tafiya a fuskar kwamfuta, miƙe, ba ko tudu.

Yanzu? Tukuna. Bari in ji…

Me zan ji? Ba benci. Ba numfashin kowa. Wannan shirun ba kowa a cikinsa, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. To ranar da muka naɗa, a bayan shago, yaya na yi na san lokaci? Ai na sani, ban yi shakka ko sau ɗaya ba… Linh. Linh tana zaune a kan buhun shinkafa a gabana, littafin a cinya, tana amsa tambayoyin don wasa. Fensirinta nake kallo. In ya sauka a takarda, sai in buɗe baki. Ban ma san ina kallonsa ba.

A aji ma… goshi, leɓe, kafaɗar da ta sauka. Ashe ban taɓa auna shi ba. Ni dai ina buɗe shi. Su suke rufewa.

Guillaume yana dubana, yatsansa a kan maɓalli. Rufe ido, nemo fuska. Yarinya a can baya, kusa da taga, a garin da ban iya faɗin sunansa daidai ba. Fara ce rigarta? Tana tauna fensir? Ta gane kalmar ambaliya, ko tun a nan ta tsaya? In na ɗaga hannu yanzu na katse ta. In na daɗe, na gaba sun fara surutu, malamin ya miƙa hannu ya tura faifan gaba, shi ke nan an koma gidan jiya. Ɗago kanki, ƴata, in gan ki. Kaɗan kawai…

Layin yana tafiya. Tambaya ta farko ce wannan, ta farko, ga sauran can jere har ƙasa, ga kwalaye suna jira, ga jirgin gobe.

"Madame? Ya isa?"

Hannuna yana kan cinyata. Nauyi gare shi. Ban sani ba… dakata tukuna. Ba ta gama ba. Ina jin ba ta gama ba…