Cilakowar Cikin Kogo

Tun da suka kafa tanti a dajin, aikin Yaya ɗaya ne: ya kafa raga, ya kama tsuntsu, ya feɗe shi, ya cusa masa auduga don ɗakin ajiyar jami'a. Ita kuwa ƙanwarsa Auta kukan tsuntsaye take naɗa a na'ura. Uwa ɗaya ta haife su, amma sai ka rantse ba su taɓa gaisawa ba.

Abu guda ta roƙe shi, ya bar mata namijin cilakowar bakin rafi. Macen tana cikin kogon itace kan ƙwai, ta liƙe ƙofar da laka, sai 'yar tsagar da namijin ke miƙa mata abinci. Idan ya mutu, ita ma ta tafi.

"Na ji, uwar tsuntsaye," in ji Yaya. "Ba zan neme shi ba. Amma duk abin da ya faɗa raga nawa ne."

Da hantsi Auta ta zauna bayan tanti ta kunna muryar namijin da ta naɗa, don kawai ta ji ko ta fita tas. Ta manta lasifika a buɗe take, ta manta ragar na nan a miƙe. Gogan naka namijin ya ji kamar wani ƙato ya shigo masa gida, ya taso a fusace da ɗan ɓaure a baki, sai cikin raga.

Kafin ta ƙaraso, Yaya ya matse masa ƙirji da yatsu, ya gama.

"Yaya, ka yi mini alkawari."

"Ni na kira shi? Ke kika kira shi, Auta."

Wannan gaskiyar ce ta fi ƙona mata rai. Ta tsane shi, ta tsani hannunta. Ta ɗauki wuƙa ta hau itacen, ta ɓalle lakar ko macen za ta tsira. Sai ta tarar da ita a fige, ta zubar da gashin fiffikenta kamar yadda suke yi a kogo, ko tashi ba za ta iya ba. Tana ta buɗe baki tana jiran abinci.

Daga ƙasa Yaya ya ɗago kai.

"Miƙo ta a hankali. Dama ba mu da mace a ajiya."