Lambar Kofur Sannu

Shagona yana daura da ƙofar barikin 'yan sanda, tsakanin mai wanki da guga da mai gyaran waya. Shekara goma sha tara ina ɗinka musu kaki. Ina rage ƙugun wando ga sabbin shiga, ina ƙara shi ga waɗanda aka tura shingen hanya. Ba sai an gaya mini wanda ya samu wuri mai maiƙo ba, tef ɗin awona ne yake riga kowa sani.

A bayan kekena akwai ƙusa, a jikinta kuwa wata tsohuwar rigar kaki ce rataye. Ta mijin Yayata ce, wanda duk bariki ke kira Kofur Sannu. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin ko ɓarawo ya kama sai ya ce masa sannu kafin ya sa masa ankwa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aiki bai wuce igiya biyu ba, abokan aikinsa suna ce masa wawa saboda ba ya miƙa hannu ta tagar mota. Shi ya nema mini shagon nan lokacin da ko almakashi ba ni da shi. Da ya rasu, shekara uku ke nan, Yaya ta kawo rigar ta ce, "Auta, ajiye mini a wurinka." Ba ta iya ganinta a ɗaki, ba ta kuma iya bayar da ita. Ni furfura ta fara fito mini, amma a bakin Yaya har gobe Auta nake.

Bara ne majalisa ta yi doka cewa kowane ɗan sanda sai ya ɗinka lambarsa a ƙirji, manya-manya, yadda ko mai ciwon ido zai karanta. Ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin, wanda yaransa ke kira Onarabul har ya zame masa suna, ya yi mako uku yana yawo gidajen rediyo yana cewa daga yau babu ɗan sandan da zai ƙara ɓuya a cikin kaki. Na ji daɗin dokar, ba zan yi ƙarya ba. Aiki ya yi ta zuwa har sai da kekena ya nemi mai.

Wata Talata da hantsi Saje ya shigo, wani mai faɗin kafaɗa da ba ya sallama sai ya riga ya zauna. Ya ce ranar Alhamis za su tashi masu kasa kaya a titin kasuwa, yana son lambar ƙirji guda goma sha biyu. Duka lamba ɗaya. Kada a ɗinke su a jikin riga, a sa musu fil a baya. Na tambaye shi wace lamba. Ya ce kada in ƙirƙira da ka, kar ta faɗa kan wani mai rai, ko ma wani babba. In nemo wadda ba ta da mai amsawa. Ya tashi ya fita.

Ni ba yaro ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Na san abin da mutum goma sha biyu za su yi da lamba ɗaya, amma na ce wa zuciyata ni tela ne, zare da allura ne nawa. Na juya ina neman alli sai idona ya sauka a kan rigar da ke jikin ƙusa, da lambar ƙarfe a kafaɗarta: 3074. Na ce wanda ya mutu ai ya fi ƙarfin sammaci. Ko tashi ban yi ba, daga zaune na kwafa. Na yi goma sha huɗu, biyu suka karkace, na jefa su a aljihun keke.

Ranar Alhamis aka yi abin da aka yi. Aka kifar da tebura, aka tattake kaya, aka kori mutane da kulki. Wata dattijuwa mai sayar da lemo ta tsaya tsince kayanta, wani ya sauke mata kulki a hannu, ƙashin ya karye gida biyu. Mutanen yanzu kuwa kowa da waya. Kafin yamma bidiyo uku na yawo, fuskoki a rufe da hular kwano, amma lambar ƙirji tar da ita, ɗinkin hannuna. A ɗaya mai lambar dogo ne, a ɗaya gajere, a na ukun kuma wani mai tumbi ne da na san wandonsa sarai.

Gari ya ɗauka. Majalisa ta kafa kwamiti, Onarabul ne shugaba. Aka duba rajistar 'yan sanda, ashe ba a taɓa goge sunan Kofur Sannu ba, dalilin haka kuwa sai ku tambayi masu riƙe da rajistar. Aka karanta sunansa a rediyo sau uku a rana. Mutumin da bai taɓa marin kowa ba, aka shafa masa kashin kaji yana kwance a kabarinsa.

Yaya ta zo shagona da takardar sammaci a hannu. Da farko dariya take, ta ce wai ana neman marigayi ranar Litinin ƙarfe goma, kuma an ce ya zo cikin kaki. Daga baya dariyar ta tsaya. Ta ce matan layinsu sun daina gaishe ta yadda suka saba, wata har ta ce dama masu yawan sannu ɗin nan sai a hankali. Ba ta neman komai a wurin kowa, sunan mijinta kawai take so a wanke. Ta ce in raka ta, ni ne namijin da ya rage mata. Rigar tana rataye a bayana muna wannan magana. Na ce to, ban ƙara ko kalma ba, kuma har yau ina jin ƙyamar wannan "to" ɗin.

Ranar Litinin na zuba lambobin nan biyu da suka karkace a aljihu, ban san me zan yi da su ba. Zauren majalisar sanyi ƙalau, kujeru masu laushi a sama, benci a ƙasa. An ce ƙarfe goma, ba a fara ba sai ɗaya saura. Kujerun 'yan kwamiti goma sha ɗaya ne, huɗu suka zo. Ɗaya yana latsa waya, ɗaya ya jingina ya lumshe ido, ɗaya kuma ya zo ne kawai a ɗauke shi hoto, ana gamawa ya sulale. Gabatar da manyan baƙi ya ci kusan awa guda, kowa da jerin muƙamansa, har da wanda aka ce tsohon mai neman takara ne.

Mai lemo tana benci na gaba, hannunta a naɗe rataye a wuya. Minti biyu aka ba ta. Abin maganar ya ƙi aiki a hannunta, ta yi bayaninta babu wanda ya ji, Onarabul yana gyaɗa kai kamar mai fahimta. Da aka miƙa wa babban jami'in 'yan sanda shi, nan take ya warke.

Jami'in ya miƙe cikin rigar da na ɗinka masa wata biyu da suka wuce, ya karanta takarda. Ya ce sun yi bincike mai zurfi. Mai lamba 3074 shi kaɗai ya yi wannan aika-aika, ba da umarnin kowa ba. An aika masa sammaci ya ƙi zuwa, wanda hakan ya nuna taurin kansa, saboda haka an kore shi daga aiki daga yau. Aka yi tafi. Onarabul ya juya wajen masu ɗaukar hoto ya ce ga amfanin dokarsa, da ba don lamba ba da mugu ya sha. Babu wanda ya tambayi yadda mutum ɗaya ya zama dogo da gajere da mai tumbi a yini guda. Bidiyon ma ba a kunna ba, an ce na'urar ta samu matsala.

Sai Yaya ta miƙe. Ba ta saba magana a taro ba, amma da ta ɗaga takardar shaidar rasuwa ta asibiti, muryarta ta kai ko'ina ba tare da abin magana ba.

"Ranka ya daɗe, wanda kuka kora mijina ne. Ya rasu. Ga takardar."

Jami'in ya duƙa yana raɗa da na kusa da shi. Na ce yau dai ƙarya ta ƙare, ko makaho ya ga wannan. Onarabul ya cire tabarau, ya goge ido, ya sauke ajiyar zuciya. Ya yi wa marigayi addu'a da murya mai taushi. Sannan ya ce tunda wanda ake zargi ya riga mu gidan gaskiya, kwamiti ba ya shari'a da mamaci, magana ta ƙare ke nan. Ya roƙi mai lemo ta yafe masa, domin yanzu yana inda ya fi bukatar yafiya.

"Shekara uku da rasuwarsa," in ji Yaya. "Hannun nan kuwa wancan watan aka karya shi."

"Mama, kwanan wata ba ya cikin abin da aka ɗora wa kwamitin nan," in ji Onarabul. "Ki yi haƙuri ki zauna."

Saje yana zaune a bayan jami'in. Ya hango ni, ya ɗaga mini gira kamar mun haɗu a wurin shan iska. Hannuna yana aljihu, fil ɗin ya soke ni a yatsa. Gaba kura baya sayaki: in na yi magana shagona ya tafi, in na yi shiru kuma ga Yaya tsaye ita kaɗai ana ce mata ta zauna. Ban san lokacin da na tashi ba. Na je gaban teburin na ajiye lambobin biyu. Na ce ni tela ne, ni na ɗinka su, guda goma sha biyu na bayar, ga wanda ya sa ni can zaune. Na ce daga rigar marigayi na kwafi lambar, da hannuna, ba wanda ya tilasta ni.

Na zaci za a kama ni, ko a kama Saje, ko dai wani abu ya faru. Magatakardan kwamiti ya duba takardarsa ya ce sunana ba ya cikin jerin masu ba da shaida, kuma duk wata hujja ana kawo ta ne kwana bakwai kafin zama. Onarabul ya ce an ji, an gode da kishin ƙasa, ya buga gudumarsa. Magatakardan ya nemo ambulan mai tambarin majalisa, ya zuba lambobin a ciki, ya liƙe, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi. Wanda ke barci ya farka ya tambaya ko an tashi. Mai lemo ta wuce ta gabana, ta dube ni, ta dubi ambulan ɗin, ta tofar da yawu a gefe. Da na waiwaya, Yaya ta fita.

Rahoton ya fito bayan kwana biyu. An kori Kofur Sannu saboda cin zarafin jama'a da ƙin amsa kira, kwamiti ya yaba wa rundunar bisa saurin ɗaukar mataki. Mutuwarsa ba ta ciki, ni ma ba na ciki.

Washegari na buɗe shago ina jiran a zo a rufe shi. Saje ne ya zo, ya zauna kafin ya yi sallama. Ko alamar fushi babu a fuskarsa, har da tsokanata wai ashe na iya jawabi, ya kamata in tsaya takara. Ya ce akwai wani aikin mako mai zuwa, waccan lambar kuwa ta ƙone tunda an kori mai ita. Ya leƙa bayan kekena ya ce, "Ba ka da wani mamacin?"

A daidai nan Yaya ta shigo. Ta ji shi, na tabbata ta ji. Ba ta dube shi ba, ni ma ba ta dubi fuskata ba. Na miƙe ina neman abin cewa, na fara da cewa ai na faɗi gaskiya a gaban kowa. Ta ce ta ji. Ta ce su waɗancan ba su san shi ba, lamba ce kawai a wurinsu, amma ni na san shi.

Ta miƙo hannu wajen ƙusar.

"Tela," ta ce, "ba ni rigar."